Ina so in shirya gasar harbin nesa a Garwa: ta ina zan fara, kuma yaya mutane za su zo?

Tambaya: Baba, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, a arewacin Kamaru, ina da bindigar farauta mai takarda. Na daɗe ina kallon gasar harbin nesa da ake yi a Amurka da Afirka ta Kudu, inda ake buga farantin ƙarfe daga mita 800 ko 1000. Wani abokina yana da babban fili a bayan gari, ya ce in yi amfani da shi. Ta ina zan fara, kuma yaya zan tara mutane?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ka buga takardar talla. Na yi shekaru a sansanin farauta a dajin Binuwai, daga baya na riƙa tsayawa alƙalin fili a wajen harbi, na kuma je na ga yadda ake wannan gasa a Afirka ta Kudu. Abin da zan fara gaya maka ba zai yi maka daɗi ba: ajiye maganar mita 1000 tukuna. Gasarka ta farko a mita 25 zuwa 100 za ta tsaya, da bindigar iska da ƙaramar bindigar nan ta .22 (lambar faɗin harsashinta ke nan). Bari in nuna maka dalili, don kada ka ɗauka kasala ce ta tsufa.

Zauna ka ƙirga mutanen da ka sani a Garwa masu bindiga da takarda. Kusan dukansu mai kalibar 12 ce gare su, ta harbin zabi da gada, wadda bayan mita 40 ko 50 ba ta da sauran magana. Masu doguwar bindiga mai madubin saiti ƙalilan ne, yawancinsu jagororin farauta ne na yankunan da ke kewaye da gandun Binuwai da Faro da Buba Njida. Su ma bindigoginsu, irin su .375, an yi su ne don ɓauna da manyan dabbobi, kuma jagora mai hankali ba ya barin baƙonsa ya harbi dabba daga nesa sosai, sai ya lallaɓa da shi kusa. Sannan ga harsashi. Gasar kwana biyu irin wadda kake kallo, mutum ɗaya yana ƙona wajen harsashi 200. A nan izinin sayen harsashi da ƙididdiga yake zuwa, ga tsada, ga wahalar samu. Wanda ya lallaɓa kwali biyu shekara guda ba zai zo ya zubar da su a kan faranti don ya faranta maka rai ba. In ka kira gasar mita 1000 gobe, mutum huɗu za su zo, uku daga ciki kallo ya kawo su.

Su kansu Amurkawan da kake kallo sun ci karo da wannan. Gasarsu ta harbin nesa da ake kira PRS a 2012 ta fara, kuma ba a daɗe ba suka ga tsada da ƙarancin dogayen filaye suna korar sababbin shiga, sai suka ɓullo da irinta ta .22 wadda ake yi a filin yadi 100. Hikimar ita ce ƙaramin harsashi yana yi a kusa abin da babba yake yi a nesa. Harsashin babbar bindiga .308 da aka aika mita 1000 yana shafe fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi a iska, yana sauka ƙasa da mita goma ko fiye, iskar gefe mai gudun kilomita 15 a awa kuma tana iya ture shi sama da mita biyu. To na .22 da aka daidaita a mita 50, kafin ya kai mita 200 ya sauka fiye da mita guda, iskar nan kuma ta kauda shi fiye da santimita 30. Karatun iska da lissafin nisa, waɗanda su ne daɗin wasan, duk suna nan, a kan kuɗi kaɗan da fili kaɗan.

Yanzu hukuma, wadda ita ce rabin aikin. Dokar makamai ta Kamaru ita ce mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016. Ta raba makamai kashi takwas: na farauta su ne kashi na biyar, na wasan harbi kashi na bakwai, izinin mallaka kuwa ta hannun ma'aikatar mulkin ƙasa yake fitowa. Nemi dokar ka karanta da kanka, ko ka sa lauya ya karanta maka, musamman wajen da ya shafi ɗaukar bindiga daga gida zuwa wani wuri da ba wa wani ya riƙa. Kada kuma ka ce bindigar iska abin wasan yara ce ba ta buƙatar faɗa. Sa ta cikin takardarka. Jandarman da ya tare mota a shinge ya ga dogon baki da madubi a kujerar baya ba zai tsaya tambayar ko iska take harbawa ba.

Kada ka je wajen hukuma da sunanka kai kaɗai. Ku kafa ƙungiya, ku rubuta tsarin mulkinta, ku kai ofishin firefe, wato shugaban gunduma, bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990, ku karɓi rasit. Shi taron kansa a wajen sufirefe, na ƙasa da firefe, ake sanar da shi, bisa wata dokar ta wannan rana mai lamba 90/055. A takarda kwanaki kaɗan ta ce a ba da kafin taro. Kai ka ba da wata biyu. Taron da za a ji ƙarar bindiga a cikinsa ba walimar suna ba ne, sufirefe zai so ya ji ta bakin kwamandan jandarma da kwamishinan 'yan sanda, wataƙila maganar ta hau har teburin gwamna. Ka je ofishin wasanni na jiha su ma su san da ku, domin hatiminsu ne yake nuna cewa wasa kuke yi.

Ka kuma yi musu uzuri in suka yi ta ja maka rai. Mutanen nan ba su manta 2012 ba, lokacin da mafarauta a kan dawakai suka shigo Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye. Tun 2014 ana fama da Boko Haram a Arewa Mai Nisa, ga masu satar mutane don kuɗin fansa a wajejen Mayo Rey. Wanda ya zo musu da zancen koya wa farar hula harbi daga nesa, dole su dube shi sau biyu. Abin da yake kwantar musu da hankali shi ne takarda mai tsabta: sunan kowane ɗan gasa, lambar katin ɗan ƙasa, lambar bindiga, kwafin izininta, yawan harsashin da zai shigo da shi, taswirar fili. Ka roƙe su da bakinka su turo jandarmomi biyu ranar. Shawarar da ta fi duka ma, tambayi ko za a ara muku filin harbin soja ko na jandarma. Garwa hedikwatar yankin soja na uku ce, filayen suna nan, an riga an auna abin da ke bayansu. In sun yarda, kashi biyu cikin uku na ciwon kanka ya tafi. In kuma wani ya ba ka shawarar ku yi abinku shiru a gona ba wanda zai sani, wannan ba masoyinka ba ne.

Bari mu zo kan filin abokinka, domin a nan ne nake da zafi. Ka ce babba ne. Ni abin da nake son sani shi ne me ke bayan inda za ka kafa faranti. Harsashin .22 da kake rainawa, in ya tashi sama yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Na .308 yana kai wajen kilomita huɗu. Ɗauki babur ka bi bayan wurin har iyakar wannan nisa, hagu da dama, ka duba da idonka: akwai ruga? Akwai burtali? Akwai mashaya, ko hanyar da mata ke bi zuwa itace? Akwai gonar auduga ko ta masakwa? Daji a wajenmu ba ya zama babu kowa, sai dai ba ka ga mai shi ba. Na taɓa tsayawa a wani fili da muka zagaya tun asuba muka tabbatar fayau yake. Hantsi na yi sai ga yaro da awaki sun ɓullo ta wani kwazazzabo da ba mu ma san da shi ba, daidai bayan faranti na uku. Mai jan tuta da muka ajiye a kan tudu ne ya hango shi ya busa usur. Har yau in na tuna sai cikina ya juya. Daga ranar ban ƙara yarda da fili ba sai na zauna da jauro, wato mai gari, da arɗon wurin sun gaya mini hanyoyin dabbobinsu, kuma masu tsaron gefen fili daga cikin yaransu nake ɗauka, in biya su, don su suka san wanda zai fito daga ina.

Mutane suna ganin duwatsun da ke kewaye da Garwa, irin su Tingilin, sai su ce ga matari Allah ya ba mu. Dutse tsirara mugun matari ne, harsashi yana dukansa ya yi tsalle ya nufi inda ba wanda ya aike shi. Ƙasa mai laushi ake so: gindin tudu, ko tarin ƙasa da katafila ta tura, wanda ya ɗara faranti tsawo sosai, babu tsakuwa a fuskarsa. Farantin ma ba kowane ƙarfe ba. Wanda maƙeri zai yanko maka daga tsohuwar mota yana lotsawa, lotsattsen ƙarfe kuma yana maido da ɓarɓashin harsashi wajen mai harbi. Na gasa ƙarfe ne mai tauri na musamman, ana rataye shi ya ɗan sunkuya gaba don tarwatsin ya faɗi ƙasa. Ga bindigar iska da .22 lamarin ya fi sauƙi, wani dalilin ke nan na farawa da su. In ba ka samu ƙarfen kirki ba, yi da takarda da balan-balan da murfin kwalba. Ka kuma nome ciyawar da ke kewaye da faranti tas, a ajiye jarkokin ruwa. Busasshiyar ciyawar rani tartsatsi ɗaya take jira, gobarar daji kuwa in ta cinye gonar wani, gasarka ta ƙare ke nan har abada.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, hazo bai yi kauri ba, jagororin farauta kuma ba su nutse cikin aikin baƙinsu ba tukuna. Sai dai lokacin tsinkar auduga ne, mutane suna gonaki, a kula. Janairu da Fabrairu wata rana hazo ba zai bar ka ka ga faranti ba. Maris da Afrilu kada ma ka fara: zafin Garwa yana haura digiri 40, kawalwalniya tana sa faranti ya riƙa rawa a madubi kamar yana cikin ruwa. A fara bayan sallar asuba da an ga haske, a tashi kafin azahar. A kauce wa Juma'a da azumi, in kuma filin yana hanyar Pitowa ne a tuna Lahadi ranar kasuwarta ce.

Ranar gasa, mutum ɗaya ne mai magana a fili, shi ne alƙali, kuma ba kai ba ne, domin kai kana can kana tarbar baƙi. Nemi tsohon soja ko jandarma mai ritaya wanda ya taɓa koyar da harbi, mai sanyin kai, wanda ba ya jin kunyar alhaji. Ƙa'idar da duniya take bi mai sauƙi ce: kowace bindiga a buɗe take, babu harsashi a ciki, an cusa ɗan tsinken roba mai launi a ɗakin harsashin don kowa ya gani daga nesa, har sai mai ita ya kwanta a layi alƙali ya ba shi izini. Yatsa ba ya taɓa kunama sai ido yana kan abin harbi. Bakin bindiga ba ya juyawa wajen mutane ko da wasa. Kowa a wurin, har mai sayar da ruwa, yana da ikon ɗaga murya ya ce a tsaya. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan ya gama gasar ranar, a zauna da shi a ba shi shayi, amma ba zai sake taɓa bindiga ba. Wahalar a nan wajenmu ita ce ranar da mai laifin zai zama babban mutum, wanda ma ya ba da kuɗin rumfa. Ku yanke wannan tun a zaure, ku karanta wa kowa ƙa'idar da Hausa da Fulatanci da Faransanci, kowa ya sa hannu. A tanadi abin toshe kunne da tabarau, ma'aikacin jinya da kayan tsayar da jini, da mota mai cikakken mai wadda hancinta ke kallon hanyar asibiti, direbanta a kusa. Ka je kamfanin inshora ma ka ji abin da za su ce. Giya da caca, ko kusa.

To, yaya mutane za su zo? Kuskuren da na tafka a gasar farko da na sa hannu a ciki shi ne na tsara ta don in burge gwanaye. Ƙananan faranti, lokaci kaɗan. Wani bawan Allah ya yi harbi ashirin bai samu ko ɗaya ba, a gaban ɗansa. Ya yi murmushi, ya yi mana godiya, ba mu sake ganinsa ba. Mutum yana dawowa ne in ya ji ƙarfen nan ya ce ƙwal da hannunsa. Saboda haka kowane zango na gasar, wato kowane wurin harbi da nasa faranti, ka fara shi da babban faranti wanda sabon shiga zai samu, sannan su riƙa ƙanƙancewa har na ƙarshe ya zama sai gwani. In matsakaicin mutum yana samun shida cikin goma, ka tsara daidai. Zango biyar ko shida sun isa, harbi takwas zuwa goma kowanne: wani a kwance, wani a durƙushe an dogara da buhun gero, wani a kan tayar tarakta, wani a jikin sanda mai gwafa irin wadda mafarauta ke kafawa. Kuma kada a bar mutum ya yi awa biyu a rana yana jiran layi. Mutum 20 zuwa 25 sun ishe ka a karon farko.

Tunda masu bindiga kaɗan ne, ƙungiya ta tanadi bindigogin iska uku ko huɗu da za a yi amfani da su a fili a gaban alƙali, kuɗin shiga ya haɗa da harsashinsu. Wannan ne zai buɗe ƙofa ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin kamfanin auduga waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Kada ka raina bindigar iska, a gasar Olamfik da ita ake harbi daga mita 10, tsakiyar abin harbin kuma ɗigo ne na rabin milimita. Ka ware rukunin mata, da awarsu da rumfarsu. Na ga mata sun kunyata maza a wannan wasa ba sau ɗaya ba, don su in an ce musu ga yadda ake yi sai su yi hakan, namiji kuwa yana zuwa da nasa sanin. Matasa sai da uba ko wa a tsaye a bayansu. Masu kaki, in shugabanninsu sun yarda su shiga, a yi musu rukuninsu daban, in ba haka ba za su kwashe kyaututtuka farar hula su watse.

Gayyata kuwa da ƙafa ake yinta. Je ka gaida jagororin farauta da masu bin sawu. Rubuta wa shugaban makarantar horar da jami'an namun daji ta Garwa, wadda tun 1970 take karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu Faransanci, ka gayyaci malamai da ɗalibai ta hannunsa. Kai gaisuwa fadar lamiɗo, ka nemi a turo wakili. Sannan ka je wajen sarkin baka. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini aiki: a gefe, can bayan layi inda babu haɗari, a yi gasar kwari da baka. Tsofaffin maharba suna zuwa da jama'arsu da kirarinsu, taron ya tashi daga na masu kuɗi ya zama na gari. Bindigar toka dai a bar ta a gida, ko ta wane ne.

Wajen talla, gidan rediyon CRTV na Garwa da zauren WhatsApp na ƙungiya sun fi maka alheri a kan manna hotuna barkatai a Facebook. Hoton samari da naɗin rawani ko rigar dabbare-dabbare riƙe da bindiga, in ya fita daga hannunka ba ka san sunan da za a sa masa ba. A hana kaki ga farar hula, a ɗinka riguna masu haske iri ɗaya. Kada a sanar da ainihin wurin a bainar jama'a, sai ga wanda ya yi rajista, rajista kuma a rufe ta mako biyu kafin rana don sunaye su isa wajen jandarma. Ba a karɓar kowa a bakin ƙofa, ko ɗan wane ne.

Kyauta kada ta zama kuɗi mai yawa, kuɗi yana jawo rigima da maguɗi. Rago ga na ɗaya, buhun shinkafa, atamfa, kofi. Ka ware ɗaya mai kyau a yi ƙuri'a a kanta tsakanin duk wanda ya gama gasar, ɗaya kuma ga sabon shigar da ya fi kowa. Masu shaguna za su ba ka waɗannan in za a ambaci sunansu a lasifika. Maki a rubuta a allo kowa yana gani, mai harbi ya sa hannu a takardarsa kafin ya bar zango, sakamako ya fita a zauren a daren. A ci abinci tare kafin a watse, kuma a wurin cin ne za ka sanar da ranar ta gaba. Gasa ƙarama duk wata biyu ta fi gagarumar shekara-shekara riƙe mutane.

Washegari ka tattara kwanson harsasan da aka harba, ka ƙirga, ka rubuta rahoto shafi ɗaya: mutum nawa suka zo, harsashi nawa ya shiga, nawa aka harba, nawa ya koma, ba a samu rauni ba. Kai wa sufirefe da kwamanda da hannunka tare da godiya. Rahoto uku ko huɗu irin wannan a cikin durowarsu su ne za su ba ka bakin zuwa ka ce yanzu muna neman mita 200, daga baya 300 a filin soja da manyan bindigogi. Mita 300 ma ba wasa ba ce, har 1972 ana yinta a Olamfik, kuma cikin masu cika baki a majalisa kaɗan ne za su samu faranti mai faɗin murfin tukunya daga can in iskar hunturu tana kaɗawa.

In kun karɓi rasit ɗin ƙungiya, aiko mini mu je mu taka filin abokin naka tare. Ka sanar da jauro tun jajibiri, kuma ka zo da rufaffen takalmi, ƙarangiyar wajen ba ta da mutunci.